Daga Tabarmar Asusu: Buhun da ke kashe ƙwarin wake ba tare da magani ba

 

Kaka ta yi, sabon wake ya fara shigowa kasuwar Katako da sauran kasuwannin Yamai, kuma kamar kowace shekara maganar ta taso a ƙungiyoyinmu na nan Zongo: mu ciri kuɗi daga asusu mu sayi wake yanzu da yake da sauƙi, mu ajiye har rani, ko kuwa mu bar kuɗin a akwati? Masu tuyar ƙosai da masu alala da ɗanwake da masu shinkafa da wake sun fi kowa son a saya, don su ke jin zafin tsadar in bazara ta zo. Masu jan ƙafa kuma suna da hujja, domin kowa ta san abin da ƙwaro ke yi wa wake cikin wata biyu ko uku. A buɗe buhu a tarar da huji da gari da wari.

Abin da mutane da yawa suka saba yi shi ne su zuba magani. A nan ne muke so mu tsaya yau, domin akwai wata hanya da masu bincike suka fito da ita, kuma ƴan ƙasarmu suna cikin waɗanda suka gwada ta suka tabbatar da ita.

Mu fara da shi ƙwaron. Yawancinmu muna zaton daga ɗaki yake shiga buhu. Alhali tun daga gona ake zuwa da shi. Macen tana saka ƙwanta a jikin kwanson wake ko a kan ƙwayar, tsutsar ta ƙyanƙyashe ta huda ta shige ciki, ta yi ta ci daga ciki ba a ganinta. Hujin da muke gani ƙofar da ta fita ce bayan ta girma. A zafi irin namu, cikin kamar wata guda ƙwai ya zama babban ƙwaro, kowace mace kuma ta sake saka gomman ƙwai. Shi ya sa waken da aka saya sumul a watan Nuwamba yake iya zama abin tausayi kafin watan Maris.

Maganin da ake zubawa kuwa iri biyu aka fi gani. Akwai ƙwayar Phostoxin, wadda in ta ji danshin iska take fitar da wani hayaƙi mai guba da ba a gani. An yi ta ne don manyan ɗakunan ajiya da ake rufewa, ma'aikatan da suka koyi aikin su ne ke sa ta. Mu kuwa a nan Zongo gidajenmu a cushe suke, buhu yakan kwana ɗaki ɗaya da yara. Wannan hayaƙin yana kisa, kuma yaro ƙarami ya fi saurin kamuwa. Akwai kuma na ruwa, irin su fiya-fiya da Sniper, masu sinadarin dichlorvos, da wasu ƴan kasuwa ke yayyafawa kai tsaye a kan wake. Saboda ragowar wannan sinadari ne Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen wake daga Najeriya a shekarar 2015. Turawa sun ƙi, to wa ke ci? Mu ne da ƴaƴanmu da masu sayen ƙosanmu da safe.

Yanzu ga labarin buhun. A ƙarshen shekarun 1980 wani masanin ƙwari na Jami'ar Purdue ta ƙasar Amurka, Farfesa Larry Murdock, da abokan aikinsa na Kamaru suka fara gwaje-gwaje a yankin Marwa, arewacin Kamaru, suna neman hanyar ajiye wake da talaka zai iya. Sun duba ajiya da toka, sun duba gasa wake a rana ƙarƙashin leda, sun duba rufe shi cikin ledoji masu kauri. Wannan ta ƙarshe ita ce ta zama buhun da ake kira PICS. A 2007 gidauniyar Bill da Melinda Gates ta ba da kuɗi aka yaɗa shi a ƙasashe goma na yammaci da tsakiyar Afirka, har da Nijar da Najeriya da Burkina Faso. A nan ƙasarmu cibiyar binciken noma ta ƙasa, INRAN, wadda aka kafa a 1975, ita ta riƙe aikin gwaji a reshenta na Maraɗi, kuma Dokta Ibrahim Baoua yana kan gaba a masu binciken. Ana zuwa ƙauye a cika buhu gaban jama'a a ɗaure, bayan wasu watanni a dawo a buɗe gaban kowa. Gani ya kori ji. Wani kamfani a Kano, Lela Agro, yana cikin waɗanda suka fara ƙera buhunan.

Abin sha'awa, a Maraɗin nan ne ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara a 1991, wanda shi ne uwar irin asusun da muke yi yau, har ƙasashen duniya suka kwaikwaya. Ashe dubarar tara kuɗin da dubarar tsare abin da aka saya da kuɗin, duk sun bi ta gari ɗaya.

Shi buhun hawa uku ne. Ledoji biyu a ciki, kowace kaurinta kashi 8 cikin 100 na milimita, wato ta fi ledar cefane kauri nesa ba kusa ba, sannan buhun saƙa a waje mai ɗaukar wahalar ja da ɗagawa. Akwai mai cin kilo 50, akwai mai cin kilo 100. Babu magani ko ɗigo a jikinsa. Aikinsa kawai tare iska.

Iskar da muke shaƙa, kashi 21 cikin 100 nata shi ne abin da ake kira oksijin, wanda duk mai rai ke buƙata. In aka ɗaure buhun, ƙwarin da ke ciki su da kansu suke shanye ɗan oksijin da ya rage, sabo kuma ba ya shiga sai kaɗan ƙwarai. Da ya yi ƙasa sai su daina ci, su daina hayayyafa. Murdock da Baoua da abokansu sun wallafa wani bincike a 2012 da ya nuna abin da ke ƙarasa su. Busasshen wake ba shi da ruwan da zai ishi tsutsa, don haka jikinta ne ke haɗa mata ruwa daga abincin da ta ci, kuma sai da oksijin hakan ke yiwuwa. In babu shi, ƙishirwa ce ke kashe ta. Ƙwaro ya mutu da ƙishi a tsakiyar buhun abinci, ikon Allah!

Duk wadda ta gane wannan ta gane yadda ake aiki da buhun, domin kowace ƙa'ida daga nan ta fito: kada iska ta shiga. Ga yadda ake yi.

Na farko, wake ya bushe sarai. Mai danshi in aka rufe shi lalacewa yake yi. Ana ciza ƙwaya a ji ta fashe ƙas. Akwai kuma gwajin gishiri: a samu busasshiyar kwalba, a zuba wake da busasshen gishiri, a rufe a girgiza, a bar shi ɗan lokaci a sake girgizawa. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, waken yana da sauran ruwa, a mayar da shi rana.

Na biyu, a sheƙe, a tsince tsakuwa da itace da duk abin da zai iya huda leda.

Na uku, kafin a zuba komai a duba ledojin. A buɗe kowace ta cika da iska, a riƙe bakinta a danna. In tana saki, akwai huji. Ƙaramin huji ana liƙe shi da salatif mai kyau, wadda ta yage sosai kuwa ta tashi daga aikin wake.

Na huɗu, a sa leda cikin leda, a sa su cikin buhun waje, a zuba wake ana girgizawa ya zauna, a bar wuri a sama don ɗauri. A matse iskar ledar farko, a murɗe bakinta, a lanƙwasa, a ɗaure da igiya. Sannan ta biyu ita kaɗai, sannan buhun waje shi kaɗai. Ɗauri uku daban-daban, kamar yadda akwatin asusunmu ke da kwaɗo uku, makulli a hannun mutum uku. Wadda ta haɗa bakin uku ta ɗaure sau ɗaya ta rage wa buhun ƙarfi.

Na biyar, a ɗora shi kan katako, a nisanta shi da bango da rana da abu mai tsini, a yi maganin ɓera, don ɓera ɗaya ya isa ya ɓata aikin wata shida.

Na shida, shi ne wanda ya fi ba mu wuya mu mata: a bar buɗewa. Duk buɗewa sabuwar iska ce, kuma in da sauran ƙwai sai su farfaɗo. Mai sana'ar ƙosai da ke ɗiba kullum ta ware na amfanin mako biyu ko wata a jarka mai murfi, ta bar babban buhu a ɗaure. Ita ma jarkar, da tanon ƙarfe mai murfi, in an cika su taf an toshe bakin da kyau, aiki iri ɗaya suke yi da buhun. Wadda ba ta da kuɗin buhu kada ta ce ba ta da hanya.

Binciken bai tsaya kan wake ba. An gwada buhun da masara da ƙwaruru da gurguzu, irin yakuwar nan da ake daddawar batso da shi, aka ga yana tsare su. Shi ya sa ma aka sauya ma'anar sunansa daga ajiyar wake zuwa ajiyar amfanin gona gaba ɗaya. Waken da aka ajiye a ciki yana tsira in an shuka, don haka masu aika iri ƙauye su ma ya yi musu. Sai dai mu lura da abu ɗaya, musamman masu gyaɗa da ƙuli-ƙuli: akwai gubar da fumfuna ke haifarwa a gyaɗa da masara masu danshi, ana kiranta aflatoksin, tana lalata hanta, kuma dahuwa ko suya ba sa kashe ta. Buhun yana hana fumfuna ƙaruwa a busasshen hatsi, amma ba ya cire gubar da ta riga ta shiga. Ƙwayar da ta yi baƙi ko ta yamutse ko take ɗaci, a tsince a zubar tun kafin ajiya.

To, sai maganar kuɗi, tunda amanar mutane ce a hannunmu. Buhun kilo 100 kusan tiya 40 ke nan. A ce, misali kawai, tiya ta ƙaru da dala 20 daga kaka zuwa bazara. Dala 20 sau 40 dala 800 ke nan, wato jikka 4 a buhu ɗaya. Daga ciki za a cire kuɗin dako, da kuɗin wurin ajiya in haya ne, da kuɗin buhun. Shi kuɗin buhun a raba shi uku, domin in an kula da shi yakan yi kaka uku. Sannan a tambayi kai: da an ba wata ƴar ƙungiya wannan kuɗin bashi na wata shida, nawa zai dawo da shi? In ribar waken ba ta wuce wannan ba, wahala ce kawai aka saya.

Kuma kada mu ɗauka farashi dole ya hau kowace shekara. Nijar tana cikin manyan masu noman wake a duniya, Najeriya ce kawai aka saba sa wa a gabanta, kuma waken ƙasarmu da yawa can yake tafiya, har kasuwar Dawanau ta Kano. Don haka darajar naira da halin da iyaka ke ciki suna taɓa farashin tiya a Katako. Mun ga yadda Najeriya ta rufe iyakokinta a watan Agusta na 2019, mun kuma ga rufewar 2023. Buhu yana tsare wake daga ƙwaro, amma ba shi da iko a kan kasuwa. Shawararmu ita ce kada ƙungiya ta zuba dukan abin da ke akwati a wake. A ware wani kaso da kowa ta yarda da shi, a bar na bashi da na taimakon gaggawa a inda suke. Ƙungiyar da ke da masu ƙosai da alala a cikinta ta fi kwanciyar hankali, don ko kasuwa ba ta hau ba, masu saye suna gida.

Wajen sayen buhun kuma a buɗe ido. Araha ba ta ado. Akwai ledoji sirara da ake sayarwa da sunan irinsa ne. A nemi mai tambarin PICS a jiki, a ƙirga ledoji biyu, a taɓa kaurinsu, a yi gwajin iska tun a gaban mai shago. Haka wajen sayen waken: a sansana, a tambaya. Wanda ke warin magani a bar shi komai sauƙinsa, domin buhunmu ba ya wanke guba.

Ga abin da muke roƙon kowace ƙungiya ta yi a zaman mako mai zuwa. A tura mutum biyu kasuwa su jiyo farashin tiya da na buhun, sakatariya ta rubuta a littafi da kwanan wata. A yanke buhu nawa za a saya, da gidan da za a ajiye, da wadda za ta riƙa dubawa. A cika buhun gaban kowa, a rubuta rana a jikinsa, a sa ranar buɗewa. Ƙungiyar da ba ta taɓa yi ba ta fara da buhu ɗaya ko biyu. In lokacin buɗewa ya yi a gayyato maƙwabta su gani da idonsu, kamar yadda aka yi a ƙauyukan Maraɗi. Masu tuya kuma su riƙa faɗa wa masu saye cewa wakensu ba shi da magani, don magana ce da uwa mai saya wa ɗanta ƙosai za ta so ji.

Ku aiko mana da abin da kuka tarar ranar buɗewa, mai daɗi ko marar daɗi, mu sa a wannan fili kowa ta ƙaru. Allah ya sa albarka a zubinmu, ya tsare mana iyalanmu, ya kai mu bazara lafiya. Sai fitowa ta gaba in Allah ya yarda.