Neman Kakanni a Daftarin Sojan Faransa



Ilmin nasaba, wanda malamanmu suka ɗauke shi ƙofar sada zumunci, ya daɗe yana tafiya a ƙasar Adar bisa riwayar baka, daga kaka zuwa jika; amma akwai wasu magabata da riwaya takan yanke a kansu, wato waɗanda aka ɗauka soja a zamanin Nasara, domin iyakar abin da zuriyarsu ta riƙe shi ne wane ya tafi yaƙin Jamus, ko dai ya komo da tari da lambar girma, ko kuwa ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Alhali kuwa Bafaranshe, duk da zaluncinsa wajen ɗibar mutane, bai yi sakaci da alƙalami ba.

Tun 1857 gwamna Faidherbe ya kafa rundunar da aka kira Tirailleurs Sénégalais, sunan da ya haɗiye Bahaushe da Bazabarme da Bambara baki ɗaya. A 1918 wakilin Faransa Blaise Diagne ya tara kimanin mutum 63,000 daga Afirka ta Yamma, sa'an nan dokar 30 ga Yuli 1919 ta mayar da ɗaukar soja farilla ta kowace shekara, ko ana yaƙi ko ba a yi. Kwamiti yakan sauka, a umurci sarakunan kanto su kawo samari, likita ya ƙwanƙwasa ƙirji ya duba haƙora, waɗanda suka tsallake su ja ƙuri'a, wanda ta faɗa wa kuwa ya yi sallama da gona shekara uku. Kuma a ranar nan akawu zai rubuta sunansa da garinsu da shekarar ɗauka, ya ba shi lamba wadda za ta bi shi har kabari.

Wannan lamba ita ce mabuɗin bincike, kuma ba a Turai ake fara nemanta ba. A buɗe tsohuwar adaka, a warware tsumman da aka naɗe takardu da shi, watakila a tarar da littafin soja wanda gara ta ci gefensa, ko katin fansho mai ɗan hoto da jar dara. Wanda ya sami lamba da shekarar ɗauka yana iya aika wasiƙa garin Pau, a kudancin Faransa, inda ma'ajiyar takardun sojoji take riƙe da bayanan hidimar mutanen tsoffin ƙasashen mulkin mallaka. Waɗanda suka rasu a fagen fama, ana neman sunansu a shafin intanet na ma'aikatar tsaron Faransa mai suna Mémoire des hommes. Fursunonin Yaƙin Duniya na Biyu, waɗanda Jamus ta tsare akasarinsu a cikin Faransa kanta, takardunsu suna Caen. Rahotannin ɗibar mutane kuwa, a duba su a Dakar da Yamai.

Sai dai a nan ne ya wajaba mai bincike ya ɗauki ladabin malaman hadisi, waɗanda ba su karɓar riwaya sai sun auna mai riwayar, domin takarda shaida ce, shaida kuwa yakan yi kuskure, yakan kuma yi ƙarya. Akawun da ya rubuta sunan ba lalle ya ji Hausa ba, saboda haka Muhammadu yakan fito Mamadou ko Mahamadou ko Mamane, sunan uba ya zama na ɗa, sunan gari ya zama na mutum. Shekarar haihuwa ƙiyasi ce da ido. Iyakokin mulki kuma sun sha canzawa, don haka a nema ƙarƙashin Tawa, a nema ƙarƙashin Madawa da Ƙonni. Mafi nauyi duka, sananne ne a tarihin wannan ɗiba cewa masu iko sukan kare 'ya'yansu su miƙa ɗan bawa ko maraya ko baƙo, wani lokaci har da sunan wani; ta yiwu ke nan sunan da ke daftari na mutum ɗaya ne, jinin da ya zuba na wani ne dabam. Wannan ba ya warwaruwa sai da bakin tsofaffin gari, kuma magana ce da ake tambaya da hikima, a zaure, ba a kasuwa ba, don tana taɓa asali.

Akwai kuma wanda ba za a same shi wurin Faransa ba ko kusa, domin mutane da yawa sun ƙetara zuwa ƙasar Sakkwato gudun haraji da aikin tilas, wasunsu kuma suka ƙare a rundunar Ingilishi, aka kai su Bama cikin runduna ta 81 da ta 82. Wanda ya rasu can, a nemi sunansa wurin hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashe renon Ingila, wadda ta zana sunayen 'yan Afirka ta Yamma a maƙabartar Taukkyan kusa da Rangun.

Kada kuma wani ya shiga wannan aiki da tsammanin dukiya. Dokar Disamba 1959 ta daskarar da fanshon tsoffin sojojin Afirka, ba a daidaita shi da na Faransawa gaba ɗaya ba sai Janairu 2011, bayan shari'ar wani tsohon soja, Amadou Diop, ta 2001 da hukuncin kotun tsarin mulkin Faransa na 2010, lokacin da mafi yawan masu haƙƙin sun riga mu gidan gaskiya. Abin da ake sa ran samu shi ne ranar ɗauka, da bataliya, da ƙasashen da aka bi da shi, da rauni in ya ji, da ranar sallama ko wurin rasuwa.

Mai niyyar rubuta wasiƙar zuwa Pau, ya rubuta ta da Faransanci, ya jera sunan da duk rubutun da yake zato, da sunan uba, da gari da kanto, da shekarar ɗauka da lamba in akwai, ya haɗa da takardar da ke tabbatar da dangantakarsa da mamacin. Littafin soja na asali kuwa ya bar shi gida, ya aika da hotonsa kaɗai.