Alkawali kaya ne

Kaka ta yi, hatsi ya shiga rumbu. A wannan lokaci ne Kiristocin karkara, daga Tsibiri da Danja cikin jihar Maradi har Galmi cikin jihar Tawa, suke ɗaukar dammai da wake su kai majami'a don godiya. Ƴan kaɗan ne cikin ƙasar Nijar, amma maƙwabta ne: gona na jikin gona, rijiya ɗaya ake sha. Don haka ya kamata a san alkawalin da suka ɗauka gaban Allah, da yadda ake gane wanda ya cika shi.

Na farko, ranar baftisma ake ɗaukar shi. Mutum ya tsaya gaban jama'a, ya ce ya bar tsafi, zai bi Yesu Almasihu muddin ransa. Faɗi ba wuya. Wuyar tana zuwa ranar da yaro ya kwanta da zazzaɓi, wani ya zo ya ce akwai boka a ƙauyen gaba, aikinsa kamar yankan wuƙa. Mai alkawali sai ya yi addu'a, ya saɓa yaron ya kai shi likita.

Na biyu, ranar aure. Miji da mata su yi alkawalin zama su biyu kaɗai, da daɗi da wuya, har mutuwa ta raba. Shi ma yana da ranar gwaji: shekaru sun wuce ba haihuwa, dangi sun matsa ma miji ya ƙaro mata. Wanda ya riƙe matarsa a wannan hali, bai wulakanta ta ba, shi ne ya san nauyin abin da bakinsa ya furta.

Na uku shi ne na amfanin gona. Da yawa daga cikinsu sun ɗauka za su fid da kashi ɗaya cikin goma, abin da suke kira zakka ko ushiri. Manomi Musulmi ya san wannan lissafi, don zakkar hatsin damana ma haka take. Wanda ya samu dami 50, zai kai 5. Da wannan hatsi ake taimakon fasto, a ba gwauraye da marayu, a ciyar da baƙo. Shekarar da ruwa ya yi, ba a jin ciwon fid da shi. Amma shekarar da fari ya bugi gona, aka samu dami 20 ga iyali goma, zuciya sai ta fara ciniki: a rage, ko a kai damin da tsutsa ta ci, ko a bari sai baɗi. Littafi Mai Tsarki ya kawo labarin Hananiya da matarsa Safiratu, waɗanda suka sayar da fili, suka ɓoye wani abu daga kuɗin, suka nuna kamar duka suka kawo. Ba wanda ya tilasta musu sayarwa. Laifinsu ƙarya ce, ita ta halaka su. Darasin a fili yake: wanda ba ya iyawa ya faɗi gaskiya, kar ya yi alkawalin da ya fi ƙarfinsa don mutane su yaba.

Akwai kuma wanda yakan ba Allah aikin rayuwarsa baki ɗaya. Asibitin Galmi, wanda ƴan mishan na SIM suka buɗe a 1950, da wurin jinyar kutare na Danja, da hannun irin waɗannan mutane suka tashi. Manoman Maradi sun san ɗaya daga cikinsu, Tony Rinaudo, malamin gona ɗan ƙasar Ostiraliya. Shi da kansa ya ce tun yana yaro ya roƙi Allah ya yi aiki da shi inda zai amfani mutane. Ya zo Nijar a 1981, ya shiga aikin dashen itace. Ana dasawa, rana da iska da awaki suna kashewa. Mafi yawan abin da aka dasa bai rayu ba, har ya kusa fid da rai.

A 1983, yana kan hanya da mota cike da dashe, ya tsaya rage iskar taya saboda rairayi. Nan ya yi addu'a, ya dubi ƴan tsirran da ke cikin gonaki, waɗanda ake sassabewa a ƙone kowace bazara. Sai ya gane itace ne, irin su sabara da kalgo, da aka sare amma saiwarsu na da rai ƙarƙashin ƙasa. Ba a bukatar dashe. A zaɓi rassa ƙarfafa daga kututture, a datse sauran, a kiyaye su daga wuta da gatari, icce ya tashi da kansa. Shi ne ake kira sassaben zamani.

Da fari mutane sun yi masa dariya, don an saba manomin kirki shi ne mai gona fes. A yunwar 1984 aka haɗa rabon abinci da barin itace a gona. Da taimako ya ƙare, da yawa suka sake sarewa. Bai naɗe kayansa ba. Ya zauna kusan shekara 18 yana bin ƙauyuka. Waɗanda suka bar itacensu suka ga iska ta daina binne shuka, ganye na ƙara ma ƙasa taki, mata sun huta da tafiya nesa neman makamashi, dabbobi sun samu abin ci da rani. Maƙwabci ya gani ya kwaikwaya. Masu bincike sun ƙiyasta wajen hekta miliyan 5 da suka sake yin itace a kudancin ƙasa. Manoma ne suka yi wannan aiki da hannunsu, mafi yawansu Musulmi, wasu ma sun gaji dabarar tun kakanni. A 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood, shekara ɗaya da Yacouba Sawadogo, manomin Burkina Faso.

Masu iya magana sun ce alkawali kaya ne. A majami'a ake ɗaukar shi cikin minti kaɗan, amma a gona da gida da kasuwa ake sauke shi, shekara da shekaru. Kiristan da ya kai daminsa cikakke, ya auna tiya daidai, ya biya bashin da ya ci da bazara, maƙwabtansa za su shaide shi ko bai buɗe baki ba. Wanda kuwa ya ɗauki alkawalin bana, rumbu na cike yanzu. Kar ya jira sai ya yi ƙasa.