An Taɓa Ƙwaƙwalwar Motar, Amma Babu Wanda Ya Rubuta

Motar zamani tana ɗauke da ƙaramar kwamfuta da makanikai ke kira birenbos, wato ƙwaƙwalwar mota. Ita ke ƙayyade yawan man da za a fesa wa inji, da lokacin da fulogi zai ba da wuta, da ƙarfin iskar da turbo zai tura idan motar tana da shi. Duk wannan lissafi ne da kamfani ya rubuta, abin da aka rubuta kuwa ana iya goge shi a sake wani. A Turai wannan sana'a ce mai zaman kanta: mutum ya kai motarsa, a jona mata kwamfuta, a sauya lissafin, ya koma gida da inji mai ƙarin ƙarfi. Rigima takan tashi ne ranar da ya kai ta garejin dilan kamfani. Na'urarsu tana iya gane an taɓa manhajar. Rukunin Volkswagen ma har lamba yake da ita, TD1, da yake liƙa wa irin wannan mota a rumbun bayanansa, kuma daga ranar garantin injin ya shiga shakku.

Mai karatu a Daura yana iya cewa, ina ruwan biri da gada? Yawancin motocin da ke zirga-zirga tsakanin Daura da Baure da Babban Mutum ba su taɓa sanin garanti a ƙasar nan ba. 'Yan Kwatano ne, sun gama ƙuruciyarsu a Turai ko Amurka, da yawansu ta Nijar suka biyo, kuma ba a daina ganinsu ba ko bayan gwamnatin Buhari ta hana shigo da motoci ta kan tudu daga 1 ga Janairu, 2017.

Sai dai mu ma muna taɓa ƙwaƙwalwar, dalili ne ya bambanta. Bature gudu yake nema, mu kuwa sauƙin mai muke nema, musamman tun da aka janye tallafi a ranar 29 ga Mayu, 2023. Akwai kuma batun indomi, wannan matacin hayaƙi da ke jikin salansa, wanda ake cirewa in ya toshe, ko a sace shi saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinsa. Da an cire shi, sansar da ke bayansa za ta kai ƙara, fitilar gargaɗi ta kama. Sai a nufi Kano wurin mai kwamfuta ya rufe wa sansar baki a cikin manhaja. Fitila ta mutu, mai mota ya yi murna, ciwon yana nan. Wasu motocin ma da sauyin suke sauka daga jirgin ruwa, wani saurayi a Jamus ya riga ya yi abinsa shekaru goma da suka wuce.

Kamfani ba ya tatse inji har ƙarshen ƙarfinsa. Yakan bar rara, domin ya san motar za ta gamu da zafi da ƙura da gurɓataccen mai. Mai ƙara wa inji ƙarfi wannan rarar yake ci. A Jamus, inda fetur na yau da kullum ke da awon oktan 95, ana iya ci a kwana lafiya. Namu ma'aunin 91 ne, a takarda ke nan. A garin kan iyaka irin Babban Mutum abin ya fi haka tsanani: a Nuwamba 2019 hukumar kwastan ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, direbobi suka koma ga galan da kwalba, inda babu mai tabbatar maka abin da ke ciki. Haɗa wannan da ranar Afrilu da kan haura digiri 40. Injin da aka matsa wa lokacin wuta zai riƙa ƙona man kafin lokacinsa, fistin ne ke shan dukan, kuma mai shi ba zai sani ba sai ran da ta tsaya masa a daji.

Saboda haka ban ga laifin dilan da ya ƙi biyan kuɗin injin da wani ya sauya wa lissafi ba. Wanda ya yi alkawari a kan abin da ya ƙera ba a ɗora masa ɓarnar wani. Inda nake rabuwa da shi shi ne in ya mai da wannan hujjar korar motar gaba ɗaya. Lalacewar birki ko ta na'urar sanyi ba lallai ne sauya manhajar inji ya jawo ta ba. Amurka ta warware wannan tun 1975 da dokar Magnuson-Moss: ba a soke garanti don kawai an sa wa mota abin da ba na kamfani ba, sai an nuna shi ne ya jawo lalacewar. Mu ma muna da hukumar FCCPC mai kare haƙƙin mai saye, kuma wannan ƙa'ida ce da ya kamata ta fayyace, tun da yanzu gwamnati da kanta ke kiran mutane su mayar da motocinsu masu amfani da iskar CNG, aikin da shi ma yake shiga tsakanin inji da ƙwaƙwalwarsa. Ma'aikacin da ya ci bashin banki ya sayi sabuwar mota ya cancanci sanin matsayin garantinsa kafin a ɗaura masa tukunya a but.

Abin da ya fi damuna shi ne ɓoyewa. Mai mota yakan yi shiru a gaban dila don gudun a kore shi. Dila kuwa, cikin aikinsa na yau da kullum, yana iya sabunta manhajar, ya shafe sauyin ba da saninsa ba. Motar da babu indomi ta koma lissafin mai indomi, fitila ta dawo, a shiga sayen sansa da fulogi da nozul ana neman ciwon da babu wanda ya faɗa. Haka makaniken Daura yake lalube a duhu, haka wanda zai sayi motar gobe yake gadar abin da bai sani ba. Mun iya tambayar takardar kwastan, mun iya ƙwanƙwasa jikin mota mu ji ko an yi mata cike, amma ban taɓa jin mai saye ya tambayi tarihin birenbos ba.

Gyaran ba ya buƙatar sabuwar doka. Duk mai sauya manhaja ya kwafi ta asali ya ba mai motar kafin ya taɓa komai, ya rubuta abin da ya sauya da kwanan wata, takardar ta zauna tare da takardun mota. Ƙungiyoyin makanikai da na dillalan mota suna iya wajabta wa 'ya'yansu wannan cikin zama ɗaya. Daura kuma tana da Jami'ar Sufuri ta Tarayya da kwalejin fasaha ta tarayya. Kwas na wata uku ga makanikan Baure da Zango da Mai'aduwa kan karanta na'urar bincike zai rage yawan motocin da ake ja zuwa Kano a kashe musu fitila.