Su sun san giyarsu, mu me muka sani a kan zoɓonmu?

Tun kafin wani ya ɗauko mini sanda: giya haramun ce, ba na sha, ba na kuma kiran kowa ya sha. Kano ta yanke wannan hukunci tun da aka ƙaddamar da Shari'a a shekarar 2000, kuma duk muna ganin Hisba tana farfasa kwalabe. Wannan magana a rufe take. Abin da ya dame ni daban ne, kuma sai na ratsa ta gidan masu giyar kafin ku gane shi.

A Faransa akwai wani yanki, Burgundi, inda ake noma wani irin baƙin inabi mai suna pinot noir. Fatarsa siririya ce, ba ya son zafi, yana wahalar da manomi. A manyan gidajen abincinsu akwai mutum guda wanda aikinsa ke nan, ya ba baƙo shawarar abin da zai sha. Zai fara tambayar me ka ce a kawo maka ka ci. In agwagwa ce ko kifi mai kitse, ya ce to ga wadda ta dace. Ya san ba a kawo ta da ɗumi, ba a kuma daskarar da ita, sanyi kaɗan ake so, wajen digiri 14 zuwa 16. Ya san kofin gilashi mai faɗin ciki ake zuba ta don ƙamshi ya taru. Zai nuna maka kwalbar, ya faɗi sunan ƙauyen, sunan gonar da shekarar da aka tsinke inabin. Makaranta ake shiga a koyi wannan, har jarrabawa ake zaunawa. A 2015 UNESCO ta sa gonakin Burgundi cikin wuraren tarihi na duniya. A 2018 an yi gwanjon kwalba ɗaya tak ta gonar Romanée-Conti, 'yar 1945, a kan dala 558,000 a birnin New York. Gonar ko kadada 2 ba ta cika ba.

To ku dawo gida. Ka shiga gidan abinci na gani na faɗa a Kanon nan, mai na'urar sanyaya ɗaki da kujeru masu laushi, ka biya dubbai a faranti ɗaya. Ka tambayi yaron da ya kawo abincin me za ka sha. "Akwai lemo, akwai ruwa." Shi ke nan. Ka ce zoɓo fa? In ka yi sa'a a tura yaro waje ya sayo, a dire maka shi cikin tsohuwar gorar ruwa wadda Allah kaɗai ya san a inda aka tsinto ta. Ka tambaya me aka sa a ciki, ya ɗaga kafaɗa. Ba laifin yaron ba ne. Ba wanda ya koya masa, kuma albashinsa bai kai a ce ya koya wa kansa ba. Laifin mai gidan ne da ya kashe miliyoyi a tayil da fitilu amma bai ga abin shan garinsu a matsayin abin da ya isa hawa teburinsa ba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne wurin biki. Sai ka ga an jera dogayen kwalabe masu zanen zinariya, ruwan inabi mai gas wanda ba ya bugarwa, an ƙera kwalbar ta yi kama da ta giya sak, har da murfin da ke yin ƙara. Ana ta hoto da ita. Wato siffar kwalbar tasu muka kwaikwaya, ilimin da ke bayanta kuma, wanda shi ne ba haramun ba, muka bar musu. Haba jama'a!

Kar wani ya ce mini wannan ƙaƙale ne na Turawa. Ni ɗan Koki ne. Unguwar nan da arzikin goro aka san ta, nan ne gidan Alhassan Dantata wanda ya rasu a 1955, shi ma da fataucin goro ya tashi. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sun san goro fiye da yadda wancan Bafaranshen ya san inabinsa. Sun bambanta marsa da minu, fari da ja, sabo da daushe. Hannun ruwa ba ya zama a faifai ɗaya da na ƙwarai. Sun san yadda ake lulluɓe huhu da ganye, a riƙa buɗewa ana tsince wanda ya fara lalacewa, tafiyar watanni a kan jaki goron ya iso da ransa. Sun san wanda ake kai wa sarki da wanda ake rabawa a ɗaurin aure. Har gobe ka je Kurmi ka tsaya gaban dattijo mai goro, zai zaɓa maka gwargwadon wanda za ka kai wa. Wannan ai shi ne aikin. Mun gaje shi, ba mu dai kai shi gidan abinci ba ne.

Kuma kayan namu ne, wasu ke cin moriyarsa. Zoɓon da ake nomawa a Jigawa da Kano, ake tarawa a Maigatari da Dawanau, kwantena-kwantena ake lodinsa zuwa Meziko, inda suke kiransa jamaica suna sha a kowane lungu. A Masar da Sudan karkade ne, a Senegal bisap, baƙo ake tarba da shi ba kunya. Ayar da ake nomawa a yankin Maraɗi tana zuwa Sifen. A Balansiya kunun aya, wanda suke kira horchata, shagunansa na musamman gare shi, har doka suka yi ta kare sunan ayar yankinsu. Mu da muka tashi da shi a hannu, a leda muke ƙulla shi.

Ba ado kaɗai nake magana ba, da rai a ciki. Ba mu manta 2021 ba, dab da azumi, lokacin da gurɓataccen garin lemo da abin da aka sayar da sunan ɗan tsami suka kwantar da ɗaruruwan mutane a asibitocin Kano, wasu suka rasu. Inda ba a tambayar me ke cikin kofi, komai ma ana iya zubawa.

Na san za a ce talaka ina ruwansa da wannan, shi dai ya samu mai sanyi. Gaskiya ne, kuma ba da matan da ke dafa zoɓo a gida suna ba yara talla nake ba. Su ne ma suka riƙe sana'ar da kowa ya raina. Da masu manyan gidajen abinci nake. Ku nemo waɗannan matan, ku saya a hannunsu da daraja, ku ba su kwalba mai tsabta. Ku rubuta a takardar abincinku cewa wannan zoɓon da citta da kanumfari ne, wancan da abarba, ga mai sukari ga marar sukari saboda masu ciwon suga, babu kala babu filebo. Ku zaunar da yaranku ku koya musu: wanda ya ce a kawo balangu mai kitse, zoɓo mai ɗan tsami ne zai wanke masa baki. Mai cin ƙosai a ba shi kunun tsamiya da zafinsa. Mai kilishi ko gurasa da yaji ya yi mata yawa, kunun aya mai dabino zai kwantar masa da harshe. Fura kuma ba a haɗa ta da tuwo, ita kanta abinci ce, a bar ta ga wanda ya shigo da tsakar rana. A kuma gaya musu kunun aya ba ya jure zafi: in aka ɗauke wuta firji ya huce ya fara tsami, zubarwa ake yi, ba a ƙara masa sukari a miƙa wa baƙo.