Bayan Fage: Hoton da ke Karkarwa

Sau tari ana tsakiyar waƙa a fim, jarumi na bin jaruma cikin lambu, sai hoto ya kama karkarwa kamar mai jin sanyi. Kyamara ba ta da laifi. Mai ɗaukar ne ya yi ƙyuyar takawa, ya tsaya can nesa yana zuƙo fuska da zum. Shi kuwa zum, yadda ya ke ƙara girman fuska, haka ya ke ƙara girman rawar hannu.

Gwanayen lokeshin matsowa su ke yi, su manne gwiwar hannu da haƙarƙari, su ɗan rusuna, su taka dunduniya kafin yatsu. Numfashi ma saisaita shi su ke yi, kamar maharbi kafin ya ja kunamar bindiga.

A Amurka wannan matsalar ce ta sa Garrett Brown ya ƙera Steadicam, wadda ta bi Stallone yana hawa matakala a guje a fim ɗin Rocky na 1976. Yanzu ga gimbal, har na waya, sai dai ba kowane furodusa ke hayo shi ba. Hoto ya lalace kuwa, sai darakta ya ce a sake, ga rana na faɗuwa, ga kuɗin haya na tafiya.