Uwargida, Ki Sa Baki Tun Kafin A Aza Harsashi

A bazarar da ta wuce na je ganin sabon gidan wata ƙanwata. Ginin bulo ne, tayil har bango, abin sai wanda ya gani. Amma da azahar sai ga mu a ƙofar ɗaki kowa da maficinsa, jaririnta duk ƙurajen zafi sun feso masa. Babu wuta, man janareta kuwa ya gagara.

Nan na tuna soron kakata a Zariya. Katangar tubali mai kauri takan shanye zafin rana, ba ta sakinsa sai dare ya yi, shi ya sa ko fanka ba ta taɓa nema ba.

Ba cewa nake a koma ginin ƙasa dole ba. Amma ke ce mai wuni a gidan, don haka cikin ladabi ki ba maigida shawara. Manyan tagogi su kalli kudu da arewa, domin ranar yamma ita ke gasa ɗaki. Kowane ɗaki ya samu tagogi biyu masu fuskantar juna, iska ta ratsa. Kwanon rufi mai haske ya fi baƙi, kuma kada a yi rowar silin. A bar wajen shuka darbejiya ta yamma da ɗakin barci, kada siminti ya cinye tsakar gidan duka.