Ice Cube da tsofaffin kundayensa: abin ɗauka da abin yarwa

A shekarar 1989, wani babban jami'in hukumar FBI ta Amurka ya aika wasiƙa ga kamfanin da ke rarraba faya-fayan ƙungiyar N.W.A, yana kukan cewa wata waƙarsu na tunzura jama'a su raina 'yan sanda har su kai musu hari. A shekarar 2017 kuma, Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya saka kundin da waƙar ke ciki, wato Straight Outta Compton, a jerin sautukan da ƙasar za ta adana wa 'yan baya. Gwamnati ɗaya ce, kundi ɗaya ne, shekara 28 kawai ke tsakani.

Wannan sauyi ya isa ya sa a sake zama a saurari salon da ake kira gangsta rap, wato gambarar 'yan daba, musamman ayyukan O'Shea Jackson da duniya ta sani da Ice Cube, wanda ya rubuta kaso mai yawa na baitocin wancan kundi tun bai cika shekara 20 ba. Masu ƙaunarsa na ɗaukarsa gwarzo, masu ƙinsa na ganinsa a matsayin wanda ya ɓata tarbiyyar matasa. Duk ɓangarorin biyu suna sauƙaƙa lamarin fiye da kima.

Kafin a yanke wa waƙoƙin hukunci, sai an san ƙasar da suka tsiro a kai. A farkon shekarun 1980 manyan masana'antun taya da na motoci da ke kewayen kudancin Los Angeles, irin su Firestone da Goodyear da General Motors, suka rufe. Iyaye baƙaƙen fata suka rasa aikin da suke ciyar da gida da shi. A daidai lokacin ne hodar ibilis mai araha da ake kira crack ta mamaye unguwanni, ƙungiyoyin daba na Crips da Bloods suka samu kuɗin sayen bindiga. Dokar 1986 ta tanadi cewa wanda aka kama da giram 5 na crack zai sha ɗauri daidai da wanda aka kama da giram 500 na hodar da masu kuɗi ke shaƙa. 'Yan sandan birnin kuwa, ƙarƙashin shugabansu Daryl Gates, suka ɗauki salon kamen kan-mai-uwa-da-wabi, inda a ƙarshen mako guda na watan Afrilun 1988 suka kwashe mutum fiye da 1,000.

Ice Cube, wanda aka haifa a 1969, ya tashi yana kallon wannan duka. Shi kansa ɗan gida ne mai uwa da uba, ya yi makaranta har ya karanci zanen gine-gine a birnin Phoenix. Abin da ya ba shi fifiko shi ne ido da alƙalami. Bayan ya fice daga N.W.A a ƙarshen 1989 saboda rikicin kuɗi da manajansu Jerry Heller, ya nufi New York ya haɗa kai da Bomb Squad, masu yi wa Public Enemy kiɗa, suka fitar da AmeriKKKa's Most Wanted a 1990. A lokacin ba kasafai mawaƙin gaɓar yamma ke zuwa gabas neman makaɗa ba, kuma kundin ya karɓu a ɓangarorin biyu.

Amma kundin da ya fi cancantar a sake saurara shi ne Death Certificate na 1991. Ya kasa shi gida biyu, ɓangaren mutuwa da ɓangaren rayuwa, a bangonsa kuma ga gawa kwance an rataya mata sunan Uncle Sam, laƙabin gwamnatin Amurka. A waƙar "A Bird in the Hand", wani saurayi ne da ya gama sakandare, ga jariri a hannu, ga babu aikin da zai riƙe shi, sai ya koma sayar da ƙwaya. A "Alive on Arrival", wanda aka harba ne ke zaune a asibiti jini na zuba, ɗan sanda na yi masa tambayoyi, likita bai zo ba har rai ya yi halinsa. A waƙar "Us" kuma ya juyo kan 'yan uwansa baƙaƙen fata, ya ɗora musu nasu kason laifin: kashe juna, hassada da sayar wa maƙwabci guba. Wanda ya saurari waɗannan uku da kunnen basira ba zai fito yana sha'awar rayuwar daba ba, domin ƙarshenta a bakin mawaƙin kullum kurkuku ne ko maƙabarta.

Tarihi bai daɗe ba ya gaskata shi. A ranar 3 ga Maris, 1991, aka ɗauki bidiyon 'yan sanda suna lakaɗa wa Rodney King duka. Ranar 29 ga Afrilu, 1992, kotu ta sallami jami'an, birnin ya kama da wuta. Mutum fiye da 60 suka mutu, aka yi asarar dukiya ta kusan dala biliyan 1. 'Yan siyasa da manyan jaridu suka yi ta mamakin daga ina wannan fushi ya fito, alhali shekara uku ke nan matasa na jin bayaninsa a kaset. A watan Nuwamban shekarar ya fitar da The Predator, wanda ya hau matsayi na ɗaya a jadawalin Billboard tun makon farko. A cikinsa ne waƙar "It Was a Good Day" take, inda abin murnar mawaƙin bai wuce a wayi gari a kai dare ba a kashe wani na kusa da shi ba. Unguwar da wannan ya zama abin biki a cikinta, ba ta buƙatar ƙarin bayani.

Sai dai yabon gwani ya zama dole ne kawai idan an haɗa da faɗin aibinsa. Kundayen nan cike suke da ashar da wulaƙanta mata, kuma cewa hoton rayuwa ake nunawa ba ya wanke su, domin sau da yawa wulaƙancin abin dariya aka mayar da shi. Lamarin bai ma tsaya a baki ba: a 1991 Dr. Dre, abokin Ice Cube a N.W.A, ya doki 'yar jarida Dee Barnes, kuma fim ɗin tarihin ƙungiyar da ya fito a 2015 ya tsallake batun, sai da aka yi ca kafin Dre ya fito ya nemi gafarar matan da ya cutar. Waƙar "Black Korea" ta fito ne watanni bayan wata mai shago 'yar asalin Koriya ta harbe Latasha Harlins, yarinya 'yar shekara 15, a kan kwalbar lemo. Fushin yana da dalili, amma waƙar ta yi wa 'yan Koriya kuɗin goro har da barazanar ƙona shagunansu, kuma a tarzomar 1992 shagunansu fiye da 2,000 aka lalata. Haka "No Vaseline", martaninsa ga tsofaffin abokai, ta jawo masa zargin ƙin jinin Yahudawa saboda yadda ya ambaci Heller.

Akwai kuma abin da kasuwa ta yi wa salon. Da kamfanoni suka ga bindiga na kawo kuɗi, sai suka riƙe bindigar suka zubar da labarin da ke bayanta. Gasar nuna taurin kai ta girma, kuma a cikin wannan yanayi aka harbe Tupac Shakur a 1996 yana da shekara 25, aka harbe Notorious B.I.G. a 1997 yana da 24.

Ice Cube bai bi wannan hanya ba, kuma nan ne rabin gadonsa yake. Ya shiga fim da Boyz n the Hood a 1991, ya rubuta Friday tare da DJ Pooh a 1995, daga baya har ya yi fina-finan da iyali ke kallo tare da yara. Matar da ya aura a 1992 ita ce har yau, ɗansa ne ya fito a matsayinsa a fim ɗin 2015, ya kafa gasar ƙwallon kwando ta BIG3 a 2017, ya kuma fitar da kundin Man Down a 2024 yana da shekara 55. Wasu na cewa ya yi laushi. Amma mutumin da ya ga an binne tsararrakinsa, ya zaɓi ya tsufa cikin iyalinsa da sana'arsa, bai ci amanar waƙoƙinsa ba. Gargaɗin da ke cikinsu ya bi.

Batun ya shafi nan gida, domin gambarar zamani ta zauna daram a Kano da Kaduna da Jos, kuma matasan da ke yin ta da Hausa sun gaji shiga da taku daga waɗancan mutane. Suna da daba da sara-suka da ƙwacen waya da shaye-shaye a ƙofar gidajensu. Matashin da ya kwaso ashar da kirarin makami kawai, ƙaiƙayi ya kwasa. Wanda ya koyi zama ya rubuta labarin yaron layinsu, yadda ya bar makaranta, wanda ya fara ba shi ƙwaya, da ɗan siyasar da ya saya masa wuƙa, shi ne ya fahimci Death Certificate.

Hukumomi ma suna da nasu darasin. Hana waƙa abu ne mai sauƙi, kuma wasiƙar FBI ba abin da ta ƙara wa N.W.A sai suna da ciniki. Abin da ya fi wuya shi ne a tace ashar ɗin a ji ƙorafin da ke ƙarƙashinsa tun da sauran lokaci. Shugabannin Los Angeles sun samu wannan dama daga 1988 zuwa 1992, suka yi watsi da ita.